Kiwi mai jure sanyi a lambun da rana ba ta wadace shi ba: tambayoyi da amsoshi

'Yan'uwanmu da yawa da ke zaune a Ingila, Jamus, Kanada da arewacin Amurka suna da ɗan fili a bayan gida, amma katangar maƙwabci ko wata doguwar bishiya ta tare masa rana. An sa tumatir ya ƙi, an sa tattasai ya yi tsawo babu 'ya'ya. Sai mutum ya shiga wurin masu sayar da dashe ya ga wata shuka mai yaɗo, an rataya mata takarda cewa kiwi ce, tana jure sanyi, tana kuma jure inuwa. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai rabin maganar suka faɗa. Shukar za ta rayu a inuwa, har ta yi ganye shar. Ko za ta ba ka abin kaiwa baki, wannan ya danganta da irin inuwar da kake da ita da kuma irin dashen da ka ɗauko.

Wace ce wannan kiwin, kuma me ya raba ta da wadda ake sayarwa a kanti?

Kiwin kanti mai gashi-gashi a jiki asalinta daga Sin take. A shekarar 1904 wata shugabar makarantar 'yan mata, Isabel Fraser, ta kai irinta Niyu Zilan, kuma daga can ta bazu a kasuwannin duniya. Waccan tana son hunturu mai sauƙi. Sanyi mai tsanani yana kashe ta.

Wadda muke magana a kanta 'yar'uwarta ce daga dazuzzukan Japan, Koriya, arewa maso gabashin Sin da gabashin Rasha. Iri biyu ne aka fi nomawa. Na farko sunansa na kimiyya Actinidia arguta, 'ya'yansa kamar girman babban inabi, fatarsu sumul babu gashi, ana jefawa a baki gaba ɗaya ba sai an fere ba. Idan ya yi barcin hunturu yana jure sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Na biyu shi ne Actinidia kolomikta, 'ya'yansa sun fi ƙanana, amma juriyarsa ta kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili. Idan ka yanka ɗaya biyu za ka ga koren nama da ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi sun kewaye farar tsakiya, daidai da na kanti, sai dai in ya nuna sosai ya fi shi zaƙi.

To da gaske tana yi a inuwa?

A dubi yadda take rayuwa a daji, amsar tana nan. Ƙwayarta takan tsiro a gindin manyan itatuwa, inda ƙasa ke da sanyi da danshi da ruɓaɓɓen ganye. Tana ƙarama ta saba da duhu-duhu. Amma ba ta zama a nan. Nannaɗe itacen take yi tana hawa, wani lokaci har fiye da mita 20, sai ta fito saman daji inda rana ke bugu, a can ne take yin fure da 'ya'ya. Wato gindinta a inuwa, kanta a rana. Wanda ya riƙe wannan ya gama fahimtar rabin nomanta.

Saboda haka idan ka dasa arguta inda rana ba ta sauka sai awa biyu, abin da za ta yi shi ne abin da take yi a daji: ta zuba dogayen rassa sirara, ganye ya yi nisa da ganye, duk ƙarfinta ya tafi neman haske. Za ka ga shuka lafiyayya, ka yi ta jira, fure bai zo ba. In ma ya zo, 'ya'yan ba su da yawa, suna jinkirin nuna, kuma sanyin Oktoba na iya riskar su da sauran tsami. Dalilin a fili yake. Sukarin da ke cikin ɗan itace ganye ne ke haɗa shi da hasken rana, kuma idon da zai yi fure baɗi yana samuwa ne a reshen da ya sha rana bana.

A ƙiyasi, arguta tana son awa 6 ko fiye na rana kai tsaye a lokacin da take da ganye. Da awa 4 zuwa 5 za a samu 'ya'ya, amma ba kamar na wadda ke fili ba. Ƙasa da haka, shukar ado ka dasa. Kolomikta kuwa ta fi haƙuri: rabin yini na rana ya ishe ta, kuma a wuraren da zafi ke tsananta ma ta fi son a kare ta daga ranar la'asar.

Ta yaya zan san irin inuwar da ke lambuna?

Wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Mu da muka taso inda rana ke bi ta tsakar ka, muna mantawa cewa a Turai da arewacin Amurka rana ta kudu take ratsawa, ba ta taɓa tsayawa a kan mutum. A Landan, tsakar rana a watan Yuni tana tashi wajen digiri 62 daga doron ƙasa, amma a Disamba ba ta wuce digiri 15. Katangar da ta jefa inuwa ta rufe lambu duka a Disamba, a Yuni inuwarta na iya tsayawa a gindinta. Don haka kada ka yanke wa lambunka hukunci da hunturu. A lokacin kiwin ma ta zubar da ganye tana barci, ba ruwanta da rana.

Ka zaɓi rana mai haske tsakanin Mayu da Agusta. Tun safe ka riƙa leƙawa duk bayan awa guda, kana ɗaukar hoto da waya daga wuri ɗaya. Abin da za ka lura da shi ba ƙasa kaɗai ba ne. Ka ɗaga kai ka dubi tsayin mita 2, inda rassan za su kwanta. Sau da yawa ƙasa tana cikin inuwa yini guda, alhali saman shinge yana shan rana tun hantsi har la'asar. Irin wannan wuri shi ne na kiwi.

Inuwa kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gini, wadda ke da duhu amma sama a buɗe take, haske na saukowa. Akwai ta bishiya mai sakakken ganye, wadda rana ke ratsawa ɗigo-ɗigo. Kolomikta na jin daɗin wannan. Sai ta gindin babbar bishiya mai kaurin ganye, wadda ita ce mafi muni, domin ban da duhu, saiwoyin bishiyar sun riga sun shanye ruwa da takin wurin. Kiwi saiwarta ba ta nitsewa ƙasa sosai, ba za ta iya wannan kokawar ba.

Wane iri zan nema idan ranar tawa rabin yini ce?

Kolomikta. A Amurka ana yawan sayar da ita da sunan Arctic Beauty. A Turai za ka ci karo da Sentyabrskaya, wadda mace ce, da Adam, wanda namiji ne. Mutanen Rasha sun daɗe da ita. Shahararren mai kyautata irin itatuwan nan Ivan Michurin, wanda ya rasu a 1935, ya yi aiki a kanta don samar wa yankunan sanyi 'ya'yan itace. Ba ta kai arguta haukan yaɗo ba, don haka ta fi dacewa da ƙaramin fili. Tana nuna da wuri, wajen Agusta, kuma sinadarin bitamin C da ke cikinta ya ninka na lemon zaƙi sau da yawa.

Akwai wani kyau da Allah ya yi mata, musamman namijin. Bayan ta yi 'yan shekaru, ganyenta yakan fito kore, sai rabinsa na wajen baki ya koma fari fat, daga baya farin ya juye ruwan hoda. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka cuta ce ko fenti ya zuba. Sai dai a sani, wannan launi ma yana son ɗan haske. A inuwa mai duhu ganyen kore yake zama.

Idan kuwa saman shingenka yana samun awa 6, to ka nemi arguta. Ananasnaya, wadda ake taƙaitawa Anna, ita ce aka fi dasawa a Amurka. Weiki an fito da ita a Weihenstephan ta jihar Bavariya a Jamus. Akwai Geneva mai nuna da wuri, da Ken's Red mai jan nama. Inda rana ta yi ƙaranci, a ganina iri mai nuna da wuri ya fi, don inuwa kanta tana ƙara jinkiri.

Ashe inuwa ba ta da wani amfani gare ta?

Tana da shi, kuma babba. Abin da ya fi hana masu wannan shuka cin 'ya'yanta ba sanyin tsakiyar hunturu ba ne. Sanyin da ke dawowa a Afrilu ko farkon Mayu ne, bayan ta farka ta yi toho. Itacen da ya jure digiri 30 ƙasa da sifili, sabon tohonsa digiri 1 ko 2 ƙasa da sifili ya isa ya ƙone shi. Da yamma ka bar shi kore, da safe ka tarar ya yi baƙi ya langaɓe. Shukar ba za ta mutu ba, za ta sake toho, amma furen shekarar ya tafi.

Wurin da ke ɗumama da wuri, kamar gindin katanga mai fuskantar kudu, yana tashin ta daga barci tun lokaci bai yi ba. Wurin da ke da inuwa a Maris, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa, amma yake samun rana sosai daga Mayu, yana jinkirta tohon, sau da yawa har sanyin ya wuce. Shi ya sa manoma ke son gangaren da ke fuskantar arewa. Inuwar hunturu tana kuma kare gangar ƙaramar shuka daga tsagewa, wadda ke faruwa idan rana ta ɗumama ɓawo da yini, dare ya yi ya daskare. A guji kwari ko lungun da iska ba ta fita, don a nan sanyi ke taruwa ya kwana.

Tunda a daji bishiya take hawa, in bar ta ta hau bishiyar da ke lambuna mana?

A'a, ina roƙonka kada ka yi. Za ta hau, za ta yi 'ya'ya, amma a can sama inda hannunka ba ya kaiwa, kuma nauyinta zai karya rassan bishiyar ko ya rufe ta har ta mutu. An ga haka a yammacin jihar Masachusets ta Amurka. An kawo arguta yankin daga Japan tun ƙarni na 19, masu manyan gidaje suka dasa ta don ado. Da aka bar gidajen babu kula, sai ta shiga daji. A garin Lenox ta lulluɓe manyan itatuwa a wani wurin shaƙatawa da ake kira Kennedy Park, ta kayar da su, kuma an sha wahala wajen sare ta. Wanda ke zaune a arewa maso gabashin Amurka, ya tambayi ofishin gona na yankinsa kafin ya dasa, musamman in gidansa yana bakin daji.

Dole sai na sayi guda biyu?

A mafi yawan iri, e. Kamar dabino take, akwai namiji akwai mace, kowanne da gindinsa. Macen ce ke haihuwa, namijin ƙurar fure kawai yake bayarwa, ƙudan zuma da iska su kai. Namiji ɗaya yana isar mata 6 zuwa 8, in dai ba su yi nisa da shi ba. Abin lura shi ne su zama 'yan gida ɗaya: kolomikta tana riga arguta fure, don haka namijin wannan ba abin dogaro ba ne ga macen waccan.

Ga wata dabara ga mai lambun da rabinsa rana rabinsa inuwa. Ka ba macen wuri mafi haske, ka sa namijin a inda ya fi inuwa, tunda shi ba ya ɗaukar nauyin nunar da 'ya'ya. Sai dai kada ka jefa shi cikin duhu, don in bai yi fure ba zamansa bai yi amfani ba.

Akwai Issai, 'yar Japan, wadda ke haihuwa ita kaɗai, kuma tana fara 'ya'ya da wuri. Ba ta kai sauran ƙarfi da jure sanyi ba, 'ya'yanta sun fi ƙanana, kuma ko ita in ta samu namiji a kusa ta fi yi. Ga mai wuri ɗaya tak, ita ce mafita.

Ta yaya ake gane namiji da mace?

Da ganye ba a ganewa. Sai sun yi fure, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Furen ƙarami ne, fari, yana rataye yana kallon ƙasa a ɓoye cikin ganye, yana da ƙamshi. Ka ɗaga ɗaya ka duba cikinsa. Na mace yana da ɗan kumburi a tsakiya, wanda shi ne zai zama ɗan itacen, da fararen zare-zare sun bazu a kansa kamar tauraro. Na namiji babu wannan, sai tarin 'yan sanduna masu ɗauke da ƙura. A arguta kawunan sandunan baƙaƙe ne, a kolomikta rawaya. Furen macen ma yana da irin sandunan a gefe, amma ƙurarsu ba ta aiki, kada su ruɗe ka. Tun ranar dasawa ka ɗaura wa kowane gindi alamar da ruwa ba zai goge ba.

Wace irin ƙasa take so, kuma yaya ake dasa ta?

Ƙasa mai taushi, mai ruɓaɓɓen ganye, mai riƙe danshi amma ruwa ba ya kwanciya, mai ɗan tsami kaɗan, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa. Nan ne mai lambun inuwa zai yi hattara, don wurin da rana ba ta bugu ba ya bushewa da wuri, kuma lambunan bayan gida da yawa a Ingila laka ce. Saiwar kiwi mai nama ce, in ta kwana cikin ruwa na 'yan kwanaki sai ta ruɓe, gindin ya bi. Ka haƙa rami ka cika shi da ruwa. In washegari da sauran ruwa a ciki, kada ka dasa a ramin. Ka tara ƙasa ka yi tudu, ka dasa a kansa.

A dasa bayan sanyi ya wuce, wajen Mayu, a daidai zurfin da take a tukunyarta. Tsakanin gindi da gindi a bar mita 3 zuwa 5 ga arguta, ƙasa da haka ga kolomikta. Kada a zuba takin zamani ko ɗanyen kashin kaji a ramin, yana ƙone saiwar. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai a baza a sama, a rufe gindin da ɓawon itace ko busasshen ganye, amma kada ya taɓa gangar. A inuwa a rage taki mai sa ganye, don dama matsalar wurin yawan ganye ce, kuma a daina ba ta taki daga Yuli domin rassan su ƙosa kafin sanyi. Ban ruwa a shekaru biyun farko ba a wasa da shi. Gindin katanga yakan bushe ko ana ruwan sama, don ginin yana tare ruwan.

Wace irin rumfa zan yi mata?

Mai ƙarfi, kuma kafin ka dasa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Arguta tana iya ƙara mita 5 ko 6 a shekara guda, kuma babbar mace a wuri mai kyau tana iya ba da kilo 20 zuwa sama. 'Yar ragar katakon da ake sayarwa don furanni ba za ta kai shekara uku ba. Manoma suna kafa turaku masu tsayin kusan mita 2, su gicciya katako mai kimanin mita ɗaya da rabi a saman kowanne, su ja wayoyi masu kauri daga wannan zuwa wancan. A gida rumfar zama mai ginshiƙai masu kauri ta wadatar.

Ga mai inuwa, tsayin rumfar shi ne makaminsa. Ka dasa gindin a inuwa, ka ja gangar ta miƙe zuwa inda haske yake, sannan ka baza rassan a can. Ka nisanta ta da bututun ruwan rufi da wayar lantarki, kuma ka yi shawara da maƙwabci in shingen na ku biyu ne, don rassan za su tsallaka.

Yaya ake yi mata aski?

Shekarar farko aiki ɗaya ne: a zaɓi reshe ɗaya mai ƙarfi a ɗaure shi a jikin sanda ya miƙe sama, a cire sauran. Kada a bar shi ya nannaɗe sandar, don in ya yi kauri zai shaƙe kansa. In ya kai waya sai a datse kansa, a bar rassa biyu, ɗaya ya bi dama ɗaya hagu. Waɗannan su ne kafaɗun shukar har ƙarshen rayuwarta.

'Ya'ya suna fitowa ne a sabon tohon da ya fito daga reshen bara. Don haka kowane hunturu, tana barci, a cire rassan da suka riga suka haihu da waɗanda suka cukurkuɗe, a bar sababbin rassan bara da tazarar kamar taki ɗaya na hannu ko fiye a tsakaninsu. Abin da ake cirewa yana da yawa, yakan kai kashi 70 cikin 100 na abin da ta yi a shekarar, kuma sabon mai lambu hannunsa yakan yi nauyi. A daure a yanke. A gama kafin ƙarshen Fabrairu a yawancin wurare, domin in ruwan jikinta ya motsa, wurin yankan zai yi ta ɗiga kwana da kwanaki. Namiji kuma bayan ya gama fure ake rage shi sosai.

Da rani ma ana bi ana datse dogayen rassan da ba su da 'ya'ya. A lambun inuwa wannan ya fi zama dole, don shukar da ba a rage ba tana yi wa kanta inuwa a kan wadda ake da ita.

Shekara nawa kafin in ci?

Issai da kolomikta sukan fara a shekara ta biyu ko ta uku. Arguta takan ɗauki 3 zuwa 5, wani lokaci fiye, kuma inuwa tana ƙara tsawon jiran. Amma in ta kama, tana iya yin shekaru gommai tana bayarwa.

Tawa ta shekara shida, ganye kamar me, amma ko ɗa ɗaya. Me ya faru?

Ka fara da tambayar kanka: ta taɓa yin fure? In tana fure amma ba ya zama 'ya'ya, to ko duka maza ne, ko mace ce babu namiji, ko lokacin furensu bai haɗu ba. Ka duba cikin furen kamar yadda aka bayyana a sama. Yakan faru a sayar wa mutum dashe da alamar da ba tasa ba.

In ba ta fure sam, abu huɗu ake zargi: sanyin Afrilu yana ƙone tohon kowace shekara, ko ana yanke rassan bara duka wajen aski, ko taki ya yi yawa, ko haske bai isa ba. Na sanyi ana rage shi da lulluɓa mata mayafin lambu a daren da aka yi hasashen daskarewa. Na haske kuma, kafin ka tumɓuke ta, ka ja reshe biyu ko uku zuwa wuri mafi rana da kake da shi, ko da saman rumfar mota ne, ka ba su shekara biyu. In waɗannan suka yi fure sauran ba su yi ba, ka samu amsarka.

Akwai ƙwari ko dabbobin da ke damun ta?

Ba ta da yawan cuta in ƙasa ba ta riƙe ruwa. A wuri mai inuwa da danshi, dodon koɗi da 'yan'uwansa marasa ƙoƙo su ne ke cinye tohon ƙaramin dashe da dare. Sai kyanwa. Jikin shukar yana da wani ƙamshi da ke jan kyanwoyi, su yi ta birgima a kanta suna tauna ɓawon har su karya ta. A kewaye ƙaramin dashe da ragar waya na shekara biyu. Wannan zai kare shi daga zomo ma.

Yaushe ake tsinka?

Arguta daga Satumba zuwa Oktoba. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci guda, kuma launinsu ba ya canzawa sosai, don haka ido ba ya isa. Ka yanka ɗaya: in ƙwayoyin ciki sun yi baƙi ƙirin, ya ƙosa, ko da yana da tauri. Za a iya tsinke su haka a ajiye a ɗaki su yi laushi cikin 'yan kwanaki, ko a sa a firiji su yi makonni ana fitowa da su kaɗan-kaɗan. Wannan rahama ce ga mai inuwa, don ba sai ya jira sun nuna a jikin uwar ba. In an ce sanyi na tafe sai ya kwashe. A tsinka da ɗan karansu, don in fatar ta yage ba sa daɗewa. Kolomikta kuwa da ta nuna take zubowa, sai a shimfiɗa mata zane a ƙasa ko a riƙa bi kullum.

Wanda kiwin kanti ke sa masa ƙaiƙayin baki ko kumburi, ya guji wannan ma, kuma a fara ba yara kaɗan a gani.

Za ta yi a tukunya?

Issai ko kolomikta za su yi 'yan shekaru a babbar tukunya mai huji a ƙasa, kuma amfanin haka shi ne za ka iya ajiye ta inda rana take. Sai dai ban ruwa kusan kullum ne da rani, kuma da hunturu sai an naɗe tukunyar, don saiwa ba ta kai rassa jure sanyi ba.

In na kai ta gida, Kano ko Maraɗi, na dasa a inuwar mangwaro, za ta yi?

Ba za ta yi ba, kuma ba inuwa ce matsalar ba. Shukar tana buƙatar ta zubar da ganye ta yi barci, ta tara ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai wuce digiri 7 ba, kafin idanunta su buɗe daidai su yi fure. Sanyin hunturunmu na dare ne, hantsi na yi ya gudu. Ga busasshiyar iska da zafin Afrilu mai kai digiri 40, waɗanda ke ƙone ganyenta mai laushi. Ko Jos da Mambila, duk da tsayinsu da sanyinsu, ba sa tara irin wannan sanyi. Ban da haka, shiga da dashe wata ƙasa yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona, don kada a shigo da cuta. Mai wuri mai inuwa a gida, citta da gwaza sun fi yi masa amfani, in akwai ruwa.

Lambuna awa biyu kawai yake samun rana, har a saman shinge. In haƙura?

Da 'ya'yan kiwi kam, ka haƙura, kada ka ɓata shekara biyar kana jiran abin da wurin ba zai iya bayarwa ba. In abin da kake so shi ne a rufe maka mummunar katanga da kore, kolomikta ɗaya za ta yi maka wannan, kuma ba za ta fi ƙarfinka ba. In kuwa abin ci kake nema, akwai waɗanda suka fi ta haƙuri da inuwa a ƙasashen sanyi: guzberi da jan kurant, waɗanda gajerun itatuwa ne masu ƙananan 'ya'ya, da itacen ceri mai tsami irin Morello, wanda Turawan Ingila suka daɗe suna shimfiɗawa a jikin katanga mai fuskantar arewa. Na'a-na'a da alayyafon Turawa ma suna yi a irin wannan wuri. Sannan a garuruwa da yawa na Ingila da Jamus ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi suna ba da hayar 'yan filayen lambu a kuɗi kaɗan. Jerin masu jira yakan yi tsawo, don haka ka rubuta sunanka tun yanzu, kuma ka tambayi dokarsu kan kafa rumfa kafin ka sayi dashen.